Ɗan kunne mai lamba: yadda sana'ar RFID ke girma, da rabon da Yamai da Tawa za su iya samu a ciki

Duk wanda ke da fasfo na zamani a Yamai, ko katin banki da ake ɗorawa kan na'ura ba sai an zura shi ba, ko bajen da ma'aikaci ke karawa a bakin ƙofa ta buɗe, to yana yawo da RFID a aljihu ko da bai san sunanta ba. Makullin yawancin motocin da ke shigo mana daga Turai ma haka yake: akwai ƴar ƙwaya ɓoye a kansa, shi ya sa in aka yanko sabo a kasuwa yakan buɗe ƙofa amma injin ya ƙi tashi. Haruffan huɗu daga Ingilishi suke, ma'anarsu tantance abu ta igiyar rediyo. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan ƙwayoyi da aka ƙera a Nijar, kuma ba za a ƙera ba nan kusa. Amma ƙwayar ita ce mafi araha a cikin harkar. Kuɗin da aikin suna wani waje, kuma wannan wajen ana iya riƙe shi a gida.

Abu uku ne ke haɗa tsarin. Akwai alamar da ake liƙawa ko ratayawa, wadda ta ƙunshi ƙwayar lantarki ƙarama kamar tsabar yashi da eriya ta zaren tagulla ko alminiyom. Akwai na'urar karantawa. Sai rajista, wato ma'ajiyar bayanai a kwamfuta da ke cewa lamba kaza ta wane ce. Yawancin alamomin ba su da batir. Na'urar karantawa ce ke watsa igiya, eriyar alamar ta tsotsi ɗan ƙarfi daga ciki, ƙwayar ta farka ta faɗi lambarta, da igiyar ta ɗauke sai ta koma barci. Saboda haka alama kan yi shekara goma tana aiki ba caji. Saboda haka ne kuma ba ta iya gaya wa kowa inda take. Wannan ya kamata a faɗa wa makiyayi tun ranar farko: ɗan kunnen RFID ba GPS ba ne. In an kore saniya daga Abalak da dare, ba wata kwamfuta da za ta nuna hanyar da aka bi da ita. Sai ranar da aka kara mata na'ura a wata kasuwa ko shinge lambar za ta yi magana.

Zango uku, hali uku

Masu sauraron rediyo sun riga sun san kalmomin. Na farko dogon zango ne, kilohaz 125 na katunan ƙofa da kilohaz 134.2 na bisashe. Tsawon igiyarsa ya haura kilomita 2, ruwa da nama da kashin shanu ba su tare shi, amma ba ya nisa: sandar karantawa ta hannu takan kama daga santimita 20 zuwa 35, babban allon da ake kafawa a jikin shinge ya kai kusan mita ɗaya. Na biyu megahaz 13.56, wanda ke maƙwabtaka da mita 22 na gajeren zangon da ake kama tashoshin waje. Shi ne na fasfo, da katin banki, da NFC, wato fasahar karanta kati daf da daf da ke cikin salula. An taƙaita shi da gangan zuwa ƙasa da santimita 10, don kada a karance katin mutum daga nesa. Na uku UHF ne, tsakanin megahaz 860 da 960, tsawon igiyarsa kusan santimita 35. Shi ke karanta alama daga mita 3 zuwa 10, ya kuma ƙirga ɗaruruwa cikin daƙiƙa guda. Aibinsa biyu: ruwa na shanye shi, ƙarfe na rikita shi.

Rabin asarar da ake yi a wannan harka daga rashin bambance waɗannan uku take fitowa. Salula mai NFC ba ta karanta ɗan kunnen saniya, ko wace manhaja aka sa mata, don zangonsu ba ɗaya ba ne. Katin kilohaz 125 da na megahaz 13.56 kamarsu ɗaya a ido, farin roba ne kawai, amma na'urar wannan ba ta jin wancan.

Yadda ta girma a wasu wurare

Tunanin tsoho ne. A yaƙin duniya na biyu an yi amfani da amsawar rediyo don bambance jirgin gida da na abokan gaba, a 1948 kuma wani masani mai suna Harry Stockman ya rubuta yadda za a yi sadarwa da igiyar da aka maido. Amma shekaru da yawa fasahar ta yi tana jiran mai saye. Abin lura a tarihinta shi ne ba ta taɓa bunƙasa a wani yanki don kyawunta ba. Kullum sai an sami babban mai buƙata da ya tilasta.

A Amurka, cibiyar Auto-ID da aka kafa a jami'ar MIT a 1999 ta tsara lambar kaya mai rahusa, amma kasuwar ba ta motsa ba sai da kamfanin Walmart ya sanar a 2003 cewa manyan masu kawo masa kaya 100 dole su liƙa alama a kwalayensu zuwa Janairun 2005. A ƙarshen 2004 aka amince da ƙa'idar Gen2, wadda har yau ita ce harshen da alamomin UHF ke magana da shi. A 2023 kaɗai an sayar da ƙwayoyin UHF sama da miliyar 40, wato miliyan dubu 40, akasarinsu a jikin tufafi da takalma. A Ostiriya wani ƙaramin kamfani mai suna Mikron, a garin Gratkorn kusa da Graz, ya fito da katin MIFARE a 1994. Philips ya saye shi a 1995, motocin bas na birnin Seoul suka fara amfani da katin a 1996, sashen ya koma kamfanin NXP a 2006, kuma har yanzu yankin Graz cike yake da kamfanoni da injiniyoyin wannan fanni, don jami'ar fasaha ta garin na yaye masu ma'aikata. Indiya ta wajabta alamar FASTag a gilashin mota don biyan kuɗin hanya a Fabrairun 2021, nan take dubban mutane suka sami aikin liƙawa da kula da shingaye.

Afirka ma tana da labarinta, kuma akwai darasi a ciki. A 1994 cibiyar bincike ta CSIR a Pretoria ta nuna wata alama mai suna Supertag da ke ƙirga kayan da ke cikin kwandon kanti gaba ɗaya ba tare da an fito da su ba. Sun riga kusan kowa, amma manyan masana'antun ba a Afirka ta Kudu suka tsiro ba, don babu babban mai saye a gida a lokacin. Inda abin ya kama a kudancin nahiyar shi ne wajen shanu. Botswana da Namibiya na sayar wa Tarayyar Turai nama, Turai kuma ta ce sai an san tarihin kowace saniya tun daga garke har mahauta. Dole ta sa suka kafa tsarin lamba na ƙasa baki ɗaya. Can Kudancin Amurka ma, Uruguay ta yi doka a 2006, gwamnati ta riƙa ba da ƴan kunnen kyauta, har ta kai ga kusan shanu miliyan 12 kowace da lambarta.

Sana'ar hawa-hawa ce. Can sama akwai masu ƙera ƙwaya, irin su Impinj na Seattle, da NXP, da EM Microelectronic na Suwizalan, kuma masana'antar ƙwaya ɗaya na cin miliyoyin dubbai na dalar Amurka. Ƙasa da su akwai masu manna ƙwayar a kan eriya da injuna masu gudu, aikin da Sin ta mamaye kaso mai yawa. Waɗannan hawa biyu a manta da su. Na uku shi ne mayar da wannan ɗanyen abu ya zama kaya: kati mai hoto, takardar liƙi, ɗan kunnen roba mai lamba a rubuce. Na huɗu kafa na'urori da gyaransu. Na biyar manhaja da rajista da horar da masu aiki. Daga na uku zuwa na biyar babu abin da ya gagari wanda ya fito daga makarantar injiniyoyi ta EMIG da ke Yamai ko Jami'ar Abdou Moumouni ko Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, in ya sami kayan gwaji a hannu. Kuma rashin teku, da ya tsadar da kusan komai a Nijar, bai cika cutar da wannan harka ba: alamomin liƙi dubu goma sukan shiga ƙaramin kwali ɗaya su zo ta jirgin sama.

Bisashe: inda maganar ta fi nauyi

In ana neman babban mai buƙata a jihar Tawa, ba sai an yi nisa ba. Kasuwannin Abalak da Cintabaraden da Badagishiri da Tunfafi na tura shanun Azawak da Bororo da raguna zuwa Ƙonni, su tsallaka Illela, wasu kuma su gangara Turaku a Yamai. Sai dai a faɗi gaskiya: halinmu ba irin na Botswana ba ne. Babban mai sayen bisashen Nijar Najeriya ce, a raye take saye, kuma dillalin Illela bai taɓa tambayar lambar saniya ba. Ƙiba yake dubawa da haƙori. Don haka duk wanda ya ce a rataya wa garken ƙasa duka ɗan kunne gobe, bai yi lissafin wanda zai biya ba. Inda lambar ke biyan kuɗinta yanzu wurare ne ƙanana: tashoshin kiwon iri irin na Tukunus da Ibesetan, inda sanin uwa da uba da yawan madara shi ne aikin, masu turka raguna da bajimai da ke son auna ƙarin nauyi, shirye-shiryen habbanaye da ke raba awaki suna son sanin ko akuyar da aka ba wata ita ce har yanzu a gidan, da rigakafin ciwon huhun shanu da annobar ƙananan bisashe, inda tsagar kunne ke nuna an yi allura amma ba ta faɗin yaushe ko da wane magani.

Lambar dabba tana da ƙa'idar duniya, ISO 11784 da 11785. Alƙaluma 15 ne. Uku na farko lambar ƙasa ce, ta Nijar 562, ta Najeriya 566, sauran 12 na dabbar ce. In ƙasa ba ta da hukumar da ke raba lambobin, sai a yi amfani da lambar kamfanin da ya ƙera, wadda ke tsakanin 900 da 998, kuma ICAR, ƙungiyar duniya mai kula da rajistar bisashe, ce ke ba da ita bayan gwaji. Lambar 999 ta gwaji ce kawai. Wanda aka kawo wa kwalin ƴan kunne ya ga duk da 999 suka fara, to an sayar masa da abin da bai kamata ya shiga kunnen dabba ba. Haka wanda ya sa wani kamfani ya buga masa 562 bisa ra'ayin kansa: gobe wani shiri a Maraɗi zai buga irin lambobin, a wayi gari shanu biyu na amsa suna ɗaya.

Iri biyu ne a ƙarƙashin ƙa'idar. FDX-B na amsawa yayin da na'ura ke watsa igiya. HDX na tara ƙarfi na kusan kashi 50 cikin 1000 na daƙiƙa, sai na'urar ta yi shiru ya amsa, shi ya sa yakan fi nisa, ya kuma fi tsada. A sayi na'urar da ke karanta duka biyun.

Sanya ɗan kunne aikin minti ɗaya ne, amma a nan ake ɓata shi. A fara karanta shi kafin a huda, don a tabbatar yana raye kuma lambar ciki ta yi daidai da ta jikin robar. A tsoma bakin matsin da namijin ɗan kunnen, wato ɓangaren mai tsini, a ruwan aidin, kowace dabba da nata tsomi, in ba haka ba matsin ya zama mai raba cuta. A kame kan dabbar da kyau. Wurin hudawa tsakanin guringuntsi biyun da suka miƙe a tsawon kunne ne, a kashi ukun tsakiya, ɗan kusa da kai. In aka yi can bakin kunne, ƙayar bagaruwa ko aduwa za ta fizge shi ta tsage kunnen. In aka matsa kusa da kai ainun, naman na da kauri, robar za ta matse shi ya ruɓe. Tamacen, wadda ƙwayar ke ciki, ta kasance ta cikin kunne. Bayan an matsa a juya shi a ga yana juyawa sakayau, don iska ta shiga raunin. Matsin wani kamfani ba ya dacewa da ɗan kunnen wani, allurarsa kan lanƙwashe ko ta kasa kullewa. Lokaci ma na da muhimmanci: hunturu ya fi, damina kuwa ƙuda na yi wa raunin ƙwai ya yi tsutsa. A zaɓi kunne ɗaya, hagu ko dama, kowa ya tsaya a kai, don allon karantawa gefe ɗaya yake. Roba mai arha kuma ba ta jure ranar bazarar Tawa da ke wuce digiri 40. Ƙwayar kanta na jure har digiri 85, robar ce ke bushewa ta tsage, lambar da aka buga da tawada ta goge. A nemi wadda aka zana da leza.

Ɓarawo fa? Da wuƙa zai yanke ɗan kunnen cikin ƙiftawar ido. Maganin wannan shi ne dunƙulen tangaran mai nauyin giram 70 zuwa 80 da ake ɗura wa saniya ta baki da wata bindigar roba. Yana sauka a ɓangaren tumbi mai kama da saƙar zuma, nauyinsa ya riƙe shi a can har ƙarshen rayuwarta, ana karanta shi ta gefen hagu, bayan ƙafar gaba. Na tumaki da awaki kusan giram 20 ne. Ba a ba ɗan maraƙin da tumbinsa bai gama ƙosawa ba, kuma ba a tura shi da ƙarfi, sai a ajiye a bayan harshe a bari dabbar ta haɗiye da kanta, don kada ya raunata maƙogwaro. Botswana da shi ta fara a farkon shekarun 2000, daga baya ta koma ɗan kunne, don ba a ganin dunƙulen da ido, komai ƙanƙantar ciniki sai an jira jami'i mai na'ura. Ga yankin da sata ce babbar damuwa, haɗa biyun ya fi: ɗan kunne na gani, dunƙule na shaida, ga kuma lalas ɗin gado da kowace zuriya ta san nata. Lalas dai na rage darajar fata a wajen majema, in lamba ta kafu ana iya rage girmansa.

Allon karantawa a lungun rigakafi shi ma yana da sharuɗɗa. Ƙa'idar bisashe ba ta iya rarrabe alama biyu a lokaci guda, in kawuna biyu suka shiga gaban allon tare, ko dai ya kama ɗaya ko ya rasa duka. Dole lungun ya zama mai cin dabba ɗaya, faɗin santimita 70 zuwa 75 ga shanu, a kuma bar sarari ta sama saboda ƙahon Bororo. Kada a ɗaure allon kai tsaye a jikin bututun ƙarfe, ƙarfen na shanye igiyar, a sa katako a tsakani. Abin da ya fi rikita masu kafawa shi ne inbata da na'urar cajin sola: suna fitar da hayaniyar lantarki a daidai dogon zango, sai nisan karatu ya ragu da rabi ba a san dalili ba. A ciyar da allon daga batir mai bolt 12 kai tsaye, inbata ta yi nesa da mitoci da dama. Sandar hannu kuma ta zama mai ajiye lambobi a cikinta ta miƙa wa salula ta Bluetooth, manhajar ta iya aiki ba intanet, ta aika in an dawo inda layi yake. A arewacin Tawa manhajar da ba ta aiki sai da layi ba ta da amfani.

Ƙofofi da rumbuna

A Yamai kasuwar da ta riga ta kankama ita ce ta katunan shiga ma'aikatu da otel-otel da makarantu, kuma akasarin abin da ake kafawa ba ya tsare komai. Katin kilohaz 125 irin EM4100 lamba kawai yake faɗa wa duk wanda ya tambaya, ana kwafe shi a kan katin T5577 cikin daƙiƙu da wata ƴar na'ura mai arha. MIFARE Classic yana da makulli, amma masu bincike a Jamus da Holan sun fasa shi tun 2007 da 2008, ga shi masu kafawa da yawa ba sa ma canza makullin masana'anta, wanda harafin F ne sau 12. Wurin da ake ajiye kuɗi ko magani ko makamai, katin DESFire mai makullin sirri na lissafi da ake kira AES ya kamata, makullin kuma ya kasance a hannun mai gidan, ba a hannun wanda ya kafa kaɗai ba. Akwai wata matsala da ke ɓullowa sai an sake odar kati: tsarin lambar katin ƙofa da ake kira Wiegand mai bit 26 lambar gida 256 kawai yake da ita, da lambar kati 65,536, don haka sabon kati kan zo da lambar wani tsoho, ƙofa ta rubuta sunan wani daban.

Sai wuta. Makullin maganaɗisu na buɗewa da kansa in wuta ta ɗauke, haka aka yi shi saboda gobara. Yana cin kusan rabin amfiya a bolt 12, batir mai amfiya-awa 7 zai riƙe shi awa 14 a lissafin takarda, a aikace bai kai ba. Batirin dalma kuma na rasa kusan rabin rayuwarsa da kowane ƙarin digiri 10 sama da 25. A Yamai a sa ran canza shi duk shekara, a rubuta hakan cikin kwangila tun farko.

UHF na rumbuna yana da tarkon da ya shafi doka. Afirka na yanki ɗaya da Turai a rabon zangunan duniya, na'urorin ƙirar Turai na aiki tsakanin megahaz 865 da 868 da ƙarfin wat 2. Na Amurka na aiki tsakanin 902 da 928, wanda ya hau kan zangon 900 na salula: wayoyi na aikawa tsakanin 880 da 915, eriyoyin kamfani na maidowa tsakanin 925 da 960. Wanda ya yi odar na'ura ta intanet bai duba ba, zai dame layin maƙwabta, shi ma karatunsa ya lalace. ARCEP ce ke kula da rabon zanguna da amincewa da kayan rediyo a Nijar, a tambaye ta kafin a biya kuɗi.

Albasar Galmi kusan kashi 90 cikin 100 ruwa ce, alamar da aka liƙa a jikin buhu ba za ta yi nisa ba, ta tsakiyar tarin kuwa ba za a ji ta ba sam. Ana iya ratayo ta a bakin buhu ta ɗan nisanci albasar, amma tambayar ita ce don me. Buhun da ya tafi Abijan ko Akara ba zai dawo ba, lambar QR da aka buga a takarda ta wadatar, kowace salula na karanta ta. RFID na biyan kanta a kan abin da ke zuwa ya dawo ko mai tsada: tukwanen gas, tulunan iskar asibiti, kwamfutocin ma'aikata, fayilolin kotu, littattafan laburare. Na ƙarfe na buƙatar alama ta musamman mai kauri da ke raba eriya da ƙarfen. Takardar liƙi ta kanti kuwa gamta kan narke a rumbun kwano cikin watan Afrilu, ƙura ta ƙarasa ta. Wayar da ke haɗa na'ura da eriya ma ana raina ta: siririya irin RG58 na zubar da kusan rabin ƙarfi cikin mita 6, a sa mai kauri ko a kusanto da na'urar. Ƙure ƙarfi ba magani ba ne, sai na'urar ta riƙa ƙirga kayan da ke bayan bango a matsayin sun fita. Kafin a karɓi aiki, a ɗauki kaya 100 na gaske, a ratsa ƙofar da su sau goma a kan amalanken da ake aiki da shi kullum, a rubuta nawa aka kama kowane zagaye.

Rajista, da wanda ke riƙe da ita

Ɗan kunnen da ba rajista a bayansa ado ne kawai. Ranar hudawa ake rubuta lamba, da mai dabba, da iri, da launi, da jinsi, da shekaru bisa haƙora, da lalas, da hoto. Bayan nan kowane saye da sayarwa sai an sauya suna, in ba haka ba bayan shekara biyu rajistar na nuna mai ita na farko, har jandarma su kama wanda ya saya da kuɗinsa. Wurin da ya dace da wannan sauyi shi ne inda ake yankar tikitin kasuwa, gaban dillalin da dama shi ne shaidar ciniki. Tsarin da ya tsallake dillalai, su za su kashe shi.

Makiyayi kuma yana da dalilinsa na ƙin ƙirga. Ba a manta jangali ba, kuma a wannan zamani na satar shanu da karɓar kuɗin fansa, jerin sunayen masu garke da yawan abin da kowa ya mallaka abu ne mai haɗari in ya faɗa hannun da bai dace ba. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai kula da ita. Na'urar kasuwa ba ta buƙatar nuna dukiyar kowa. Amsa ɗaya ta isa: wannan lambar an kai ƙarar sace ta, ko ba a kai ba.

Iyaka ta ƙara wani ƙulli. Takardar ƙaurar makiyaya ta CEDEAO tun 1998 garke take bayyanawa, ba dabba ɗaya-ɗaya ba, Nijar kuma ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso. Sandar da ke Illela za ta karanta lambar 562 ba matsala, tunda ƙa'idar ɗaya ce, amma ba za ta san an sace saniyar ba sai in hukumomin ɓangarorin biyu na musayar jerin lambobin sata. Wannan yarjejeniya ce tsakanin mutane, ba a sayo ta a kwali.

Ƙarshen lamba shi ne yanka. A mahautar Yamai abu ne mai sauƙi a karanta, a rufe lambar, a ciro dunƙulen daga tumbi, a lalata ɗan kunnen don kada a maƙala wa wata dabbar sata. Wuyar tana ga abin da ake yankawa a gida, na suna da na biki, balle ranar layya da raguna ke ƙarewa a ƙofar gidaje cikin safiya ɗaya ba mai kai rahoto. Rajistar da ba ta yi tanadin wannan ba za ta cika da matattun raguna masu rai a kwamfuta. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a rubuta ragon a matsayin na yanka tun wajen sayarwa a Turaku, lambar ta rufe kanta bayan sallah, in kuma ta sake bayyana a wata kasuwa na'ura ta tsayar da ita a bincika.